Makulli ko kunama: ina tsaron bindigar aljihu yake?

Tun da na sa hoton filin koyon harbi ranar Asabar, abokai biyu da muke zaune tare a nan Texas suka turo min tambaya iri ɗaya: in mutum zai sayi ƙaramar fistol ta aljihu, ya ɗauki mai makulli ko marar makulli? Na ce bari in amsa a fili, kowa ya ji.

'Yan uwa na gida, maganar Amurka nake yi. A Najeriya dokar makamai ta sa fistol cikin bindigogin da aka haramta wa mutum riƙewa haka kawai. Nan kuwa, tun 1 ga Satumba 2021, mai shekara 21 da ba shi da laifin da ya hana shi zai iya yawo da ita a ɓoye ba lasisi. Wato mutum na iya saya yau, gobe ya zura a aljihu, bai taɓa zama a aji ko na awa ɗaya ba. Abin da ke tsorata ni ke nan.

Makullin nan ɗan ƙarfe ne a gefe, sai ka ture shi da babban yatsa kafin kunama ta yi aiki. Glock ba ta da shi, tsaronta na cikin kunamar da cikin injin. Sig P365 kuwa ana sayar da ita iri biyu, mai shi da marar shi. Sojojin Amurka da suka zaɓi M17 a 2017, mai makulli suka ɗauka. Ka ga kowane ɓangare na da hujjarsa.

Ni dai ra'ayina: a bindigar aljihu, nauyin kunama da kube sun fi makulli muhimmanci. Aljihu ba wuri ne mai tsabta ba. Makullin mota, kwabbai, biro, bakin riga, duk suna iya shiga su taɓa kunama. Ku tuna Plaxico Burress, ɗan wasan New York Giants. A Nuwamba 2008 ya soke Glock a ƙugu ba kube, ta zame cikin wando, ya kai hannu ya cafke ta, ya harbi cinyarsa. Bayan raunin, kotu ta yanke masa shekara biyu. Kube mai tauri da ya rufe kunama gaba ɗaya, da ya raba shi da wannan wahala.

Sai nauyin ja. Kunamar Glock ta yau da kullum na buƙatar wajen kilo biyu da rabi. 'Yan sandan New York sun yi shekaru suna amfani da mai wajen kilo biyar da rabi don gudun tashin bindiga bisa kuskure, har a 2021 aka fara bai wa sabbin ɗauka mai sauƙi, saboda nauyin na ɓata musu saiti. To, darasin a fili yake: mai nauyi sosai na karkatar da hannu, harsashi ya tafi inda ba ka nufa ba, mai laushi sosai kuma ba ta yafe kuskure. Ni na fi son mai doguwar tafiya, wadda yatsa zai ji yana ja kafin ta tashi, ya samu damar fasawa.

Matsalar makulli a ƙaramar bindiga ita ce ƙanƙantarsa. A filin nan na ga wani ya zaro tasa, ya ja, ya sake ja, shiru. Ya manta bai buɗe ba. Takarda ce fa a gabansa, ba ɗan fashi ba. In tsoro ya zo, yatsu sandarewa suke yi.

Ban ce makulli banza ne ba. In shi ne kwanciyar hankalinka, saya, amma ka yi ta atisaye da bindiga ba harsashi har babban yatsanka ya riƙa buɗewa da kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yau a kulle, gobe a buɗe. Kuma kada makulli ya ruɗe ka ka ajiye ta kan tebur, yaro ɗan shekara huɗu ma zai iya ture shi. In ka shigo gida, sai akwati mai kwaɗo.

Wanda ba zai iya wannan ɗawainiyar ba, wallahi gara ya bar ta a shago.

Ku da kuke riƙewa, wacce kuka zaɓa, kuma me ya sa? Allah Ya tsare mu da iyalanmu.