Tsada Ba Ta Gyara Sauti: Yadda Ake Sauya Kafasita a Tsohuwar Amfilifaya

A shekarar 1969 mujallar Wireless World ta Ingila ta buga zanen wata amfilifaya mai ƙarfin wat 10 da tiransisto huɗu kacal, wadda injiniya John Linsley Hood ya tsara. Mutane da dama sun haɗa ta da hannunsu a gida, wasu kuma na nan suna aiki har yau. Sai dai duk wanda ya gaji irin wannan na'ura zai iske sautinta ya fara dusashewa ko tana gurnani, domin ruwan sinadarin da ke cikin kafasitocin ilektirolitik yana bushewa da shekaru. A nan ne mashawarta iri biyu ke yi wa mai gyara kwanton ɓauna, kuma dukkansu ɓatar da shi suke yi.

Na farko su ne 'yan kasuwar alatu, masu sayar da kafasita mai rubutun zinare a kan ninkin-ba-ninkin kuɗinta, da da'awar wai tana sa sauti ya yi ɗumi. Ma'auni bai goyi bayansu ba. Gwaje-gwajen da Cyril Bateman ya wallafa a mujallar Electronics World a 2002 da 2003 sun nuna cewa sinadarin da ke tsakanin farantan kafasita da ingancin ƙirarta ne ke haifar da gurɓatar sauti ko hana ta. Folifurofilin na yau da kullum da tangaram nau'in C0G, masu araha, sun fito da tsabta ƙwarai.

Na biyu sun fi haɗari, wato masu cewa duk kafasita kafasita ce muddin lamba ta yi daidai. Su ne ke cire tsohuwar folistirin lafiyayya su dasa ƙaramar tangaram nau'in X7R ko Y5V, wai don ita ce ta zamani. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ƙimar X7R tana sauyawa da ƙarfin lantarkin da ke kanta, har ƙananan cikinsu kan rasa fiye da rabin ƙimarsu, kuma takan mayar da girgiza ta zama siginar lantarki kamar makirufo. Ita kuwa Y5V, ƙa'idarta ma ta yarda ta zubar da kashi 82 cikin ɗari idan yanayin zafi ya sauya.

Tambayar da ta dace ita ce, wane aiki kafasitar take yi a gurbinta? Idan tana cikin matatar da ke fasalta sauti, kamar da'irar RIAA da ke daidaita amon faifan garmaho a kan Hz 50 da 500 da 2,122, to ƙima ce komai. A nan folifurofilin ko C0G mai kuskuren kashi 1 ko 2 cikin ɗari ake buƙata. In tsohuwar folistirin ce a wurin, a ƙyale ta, don ba ta bushewa, kuma zafin dalma ya fi shekaru yi mata illa.

Idan kuwa aikinta tare lantarki tsayayye ne ta bar sauti ya wuce, kamar babbar kafasitar da ke gaban lasifika a zanen Linsley Hood, ilektirolitik ta wadatar, amma kada a rage girmanta. Da lasifika mai om 8, kafasita mai µF 2,200 tana datse sauti a wajen Hz 9, inda kunne ba ya ji. A sa mai µF 470, datsewar ta hau Hz 42, kaurin ganga ya tafi. Tsofaffin lambobi irin su 25 da 50 kuma ba abin damuwa ba ne, 22 da 47 na yau suna maye gurbinsu.

A sashen wuta, zafi ne abokin gaba. Ƙa'idar masana'antu ita ce rayuwar ilektirolitik tana ninkawa duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10. Kafasita mai alƙawarin sa'o'i 2,000 a digiri 85 za ta yi kusan 8,000 a akwati mai digiri 65, alhali takwararta mai digiri 105 za ta kai 32,000. Ga amfilifayar da dama can ɗumi ne ɗabi'arta, balle a ɗakin da bazara ke gasawa, wannan bambanci ya cancanci kuɗinsa. Lambar bolt ta yi daidai da ta dā ko ta ɗara, kada ta gaza. Amma ninka ƙima sau biyar don neman ƙarfi yana jibga wa rektifaya da taransifoma nauyi a duk lokacin kunnawa.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce kuɗi. Kafasitar bakin lasifika idan ta lalace ta haɗe, lantarki tsayayye zai kwarara ya ƙona lasifikar, wadda aka juya ƙafafunta kuwa tana iya fashewa. Na'urar da wani ya zauna ya haɗa da hannunsa shekaru hamsin da suka wuce ta cancanci mai gyaran da zai karanta zane, ya auna, ya sauya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saurara kafin ya taɓa ta gaba.