Jami'o'in Nijar: an bar jaki ana dukan taiki

A shekara ta 2019, majalisar dokokin ƙasa ta amince da dokar da ta ba gomnati ikon naɗa shuwagabannin jami'o'i, ta kawar da zaɓen da malamai suka samu bayan Taron Ƙasa na 1991. Ƙungiyar malaman jami'a SNECS ta yi watanni tana yajin aiki, minista Yahuza Sadisu ya ce naɗi shi ne maganin rikicin. Duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Shin takardar naɗi ta taɓa karantar da ɗalibi? Ƙuri'a ta taɓa sayen kayan ɗakin bincike? Shugaban da aka naɗa yana tsoron wanda ya naɗa shi; wanda aka zaɓa yana tsoron waɗanda suka zaɓe shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tsoron ɗalibin da lisansinsa na shekara 3 ya wuce wa'adi saboda yajin aiki da jinkirin jarrabawa.

Daga 1971 jami'ar Yamai ce kaɗai ta gomnatin ƙasa. A 2010 aka buɗe na Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Kafa jami'a da alƙalami abu ne mai sauƙi. Raino malami har ya kai farfesa kuwa aikin shekaru ne, kuma hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ita ke tantance ayyukansa. Amma ƙarin girman mutum ɗaya bai isa shaida ba cewa darasin da ake bayarwa cikin aji yana da inganci.

Hanyar a fili take. Gomnati ta cire hannunta daga zaɓen shugaba, ta sa shi inda yake da amfani: yarjejeniya a rubuce da kowace jami'a, ta shekara 4 ko 5. A faɗi kuɗin da za a zuba da ranar zuba su. Jami'a ta faɗi abin da za ta biya da shi: ɗalibai nawa suka kammala kan lokaci, wane bincike aka yi kan hatsi, ruwa ko rairayin da ke cinye gonaki. Masana daga waje su zo su auna, a buga sakamako kowa ya gani.

Malamai ma su sani: 'yancin jami'a amana ce, kuma mai riƙon amana ba ya gudun lissafi. Wanda ya ƙi a auna darasinsa ya ba minista hujjar shiga gidansa.

Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ana tunawa da shi saboda bincikensa kan hasken rana da littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka. Wa ke tambayar yadda ya hau kujerar shugabanci?