Waiwaye: Ragar da aka tufka da kaba

Ranar 30 ga Agusta 2023, mutum 92,003 suka cika filin Memorial da ke birnin Lincoln a jihar Nebraska ta Amurka, don kallon 'yan matan jami'a suna buga ƙwallon raga. An rubuta shi a matsayin taro mafi girma da wasan mata ya taɓa tarawa. Ɗana ne ya nuna mini bidiyon a wayarsa, muna zaune tsakar gida a Tahoua bayan isha'i. Shi yawan jama'ar ke ba shi mamaki. Ni kuwa tuni zuciyata ta koma ƙauyenmu na ƙasar Garhanga, wajen Yayata, da abin da na yi mata shekara talatin da 'yan kai da suka wuce.

Wanda bai taka Adar ba, da wuya ya gane ƙarfin matanta. Ƙasar dutse ce. Da an gama girbi maza sun kama hanyar cin rani, wasu Abijan, wasu Najeriya, gida ya rage hannun mata. A 1984, shekarar babban fari, aka soma aikin farfaɗo da ƙasar Keita da kuɗin Italiya, a ƙarƙashin kulawar hukumar FAO. Mata ne suka fi yawa a wannan aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tudu don tare ruwan sama, su suka haƙa ramuka suka dasa itatuwa, ana biyan su da abinci. Innarmu tana cikinsu, kuma duk ranar da babu lakwal Yaya na biye da ita da gammo a kai.

Da wannan jikin Yaya ta shiga kwaleji. Wani malaminmu, da muke kira Mushe kawai, ya dawo daga hutu da ƙwallo guda ɗaya a jakarsa. Raga babu. Sai ya sa muka jiƙa kaba muka tufka igiya, ya kafa sanduna biyu na dogon yaro, ya auna fili da taku: mita 18 tsawo, mita 9 faɗi. Ya ce ragar mata mita 2 da santimita 24 ce daga ƙasa, ya yi wa sandar shaida da gawayi. Mutum shida kowane ɓangare, taɓawa uku, kada ƙwallo ya faɗi a gidanku. Ranar da iskar hunturu ta taso, sai ka aika ƙwallo gabas ya sauka kudu.

Mu maza ƙarfi muke nunawa, mu maka ƙwallo ya wuce bayan aji. 'Yan mata suka riga mu gane wasan. Na daɗe ina tunanin dalili. Yarinyar da ta tashi tana lugude a turmi ɗaya da 'yan uwanta biyu, tana wurga taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe ba tare da ta ɓata wa kowa bugu ba, ta riga ta san lokacin shiga da lokacin barin wa wani. Ƙwallon raga kuwa a kan haka ya tsaya: ɗaya ta tare, ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta buga. Yaya ce mai ɗagawa. Ba ta da tsawo, amma in ƙwallo ya bar yatsunta sai ya ɗan tsaya a iska daidai inda mai bugu ke son sa.

Sai labari ya zo cewa za a tafi Tahoua gasar makarantu, kuma sunan Yaya ne na farko a takarda. Nawa babu. Baba ya dawo daga cin rani ke nan. Da daddare na je na durƙusa gabansa na ce, “Baba, Yaya fa tsalle take yi gaban maza, ana tafa mata.” Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da nake nufi, kuma hassada ce zalla. Baba bai ɗaga murya ba, ya ce, “An gama.” Mushe ya zo har zaure ya cire takalmi ya yi gaisuwa, ya ce, “Maigida, a yi mini alfarma, da malama mace za su tafi, ita za ta kwana da su.” Baba ya ce, “Mushe, na gode da ɗawainiya, amma ɗiyata ta girma.” Inna ba ta ce uffan ba, sai dai tuwon daren nan ba ta ci ba. Kafin damina ta biyu aka ɗaura wa Yaya aure, karatu ya tsaya.

Shi ya sa taron Nebraska bai yi mini kama da abin da ya faɗo daga sama ba. A 1972 Amurka ta kafa dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin namiji da mace, har da fagen wasanni. A 1981 hukumar wasannin jami'o'insu ta soma gasar ƙwallon raga ta mata ta ƙasa baki ɗaya, wadda yau jami'o'i 64 ke shiga. Kowace yarinya a wancan fili, akwai wanda ya bar ta ta wuce shekara 15 tana aji. Matan Japan da suka ci zinare a Tokyo a 1964, shekarar da wasan ya shiga Olamfik, yawancinsu ma'aikatan masaƙa ne. A nahiyarmu Kenya da Kamaru suka daɗe suna karɓa-karɓa da kofin mata.

Mu ma ba baƙin shirya gasa ba ne. A Tahoua aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma mun san yadda ake zaƙulo ɗan kokowa tun daga dandalin ƙauye har ya ɗaga takobi. Tun 2010 Tahoua na da jami'arta, haka Maraɗi da Zinder. Filin yana nan. Abin da ke damuna, su wa za su iso shi? A Nijar, bisa binciken 2012, kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika 18. Ƙungiyar jami'a a kwalejin ƙauye ake shuka ta, kuma sau da yawa a zauren gida take mutuwa, da kalma ɗaya ta ƙane ko kawu.

Ban ga laifin Baba wajen kishin mutuncin ɗiyarsa ba. Damuwarsa tana da magani, mu ne ba mu nema ba. Doaa Elghobashy 'yar Masar ta buga ƙwallon raga na bakin teku a Olamfik na Rio a 2016 da hijabinta da dogon wandonta. Da a ce daren nan na tashi na ce, “Baba, a ɗinka mata dogon wando, ni zan raka ta,” wataƙila da an saurare ni kamar yadda aka saurari tsegumina.

Da aka yi sallah na tafi gida na miƙa wa Yaya wayar. Ta riƙe ta nesa da ido, don ganinta ya rage. Taron bai ɗauke mata hankali ba. Ta sa yatsa kan wata 'yar wasa ta ce, “Auta, wannan ce mai wasan. Duba, tun ba a tare ba ta san inda za ta kai shi.”

Na ce, “Yaya, ki yafe mini maganar Tahoua.”

Ta ce, “Na yafe tun kana saurayi.” Ta waiwaya ta dubi jikarta da ta shiga kwaleji bana, tana tankaɗe a gindin rumbu, sannan ta ce, “Nawa ake sayar da ƙwallon a kasuwarku? Ka sayo. Igiyar ni zan tufka.”