Tsayuwar jif ba ma'aunin lodi ba ce

Duk wanda ya taɓa tafiya gida daga kudu a Fijo 504 ya san yadda take nuna gajiya. Idan kaya sun yi mata yawa bayanta zai zauna, gabanta ya ɗaga sama, salansa ta riƙa gugar ƙasa a kowane tudu. Direba ba ya buƙatar sikeli, ido ya ishe shi ya ce a sauke buhu ɗaya. Motocin nan da kamfanin PAN na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, ya yi ta harhaɗawa, a kan sifirin ƙarfe suke zaune, shi kuwa ƙarfe iya nauyi iya lanƙwasa. Manyan jif ɗin da 'yan uwanmu 'yan kasuwa ke saye yanzu a Fatakwal da Anaca da Inugu kuwa, da dama a kan iska suke zaune, kuma an ƙera su ne musamman don kada bayansu ya zauna. Fasaha ce mai kyau, ina yaba ta. Abin da ke damuna shi ne mun ɗauki tsayuwar motar a matsayin shaidar cewa za ta iya ɗaukar komai, alhali wannan zato yana iya cin rai.

Sana'ata taya. Shagona yana Inugu, ina sarowa a Nkpor kusa da Anaca, cikin abokan cinikina kuma akwai 'yan canji da dillalan shanu da masu albasa, wasunsu har daga Fatakwal. Saboda haka ƙasan mota nake fara kallo kafin fentinta.

A bayan taya, inda aka saba ganin sifirin, za ka tarar da jakar roba mai kauri wadda aka saƙa wa zare a ciki, makanikai na ce mata balan-balan. Akwai ƙaramin kwamfiresa mai aiki da wutar batir, yana zuƙo iska daga waje, ya bi da ita ta wani gwangwani mai ƙwayoyin da ke tsotse danshi, sannan ya tura ta tanki ko cikin jakar ta siraran tiyo. Kusa da taya akwai ɗan ma'auni mai hannu, shi yana liƙe a jikin mota, hannun kuma yana haɗe da ƙarfen da ke riƙe da taya. Da an ɗora kaya jikin mota ya sauka, hannun zai juya, saƙo ya tafi ga ƙwaƙwalwar mota. Ita ce za ta buɗe bawul ɗin ɓangaren da ya sauka, ta tayar da kwamfiresa, iska ta yi ta shiga har mota ta koma tsayinta na asali. Idan aka sauke kayan mota ta yi sama da yawa, sai ta saki iskar, shi ne hucin nan da ake ji bayan fasinjoji sun fita.

Amfaninsa a fili yake. Fitilun gaba ba sa ɗagawa su kashe wa mai tahowa ido. Wasu motocin ma akwai maɓallin da za ka danna ta ƙara tsawo, wanda duk mai bin hanyar Aba da damina ya san darajarsa. Kuma ba sabon abu ba ne. Cadillac ta Amurka ta sa shi a Eldorado Brougham a 1957, Marsandi ta sa a 300 SE a 1961, Range Rover ta koma kansa a 1992, Marsandi ta fito da nata mai suna Airmatic a 1998. Lexus GX470 da wasu Prado a tayoyin baya kaɗai suke da shi. LX470 kuwa da mai take ɗagawa, ba da iska ba, kada makanike ya haɗa maka su.

To amma iskar nan jikin mota kawai take ɗagawa. Ba ta ƙara wa birki ƙarfi, ba ta ƙara wa gatari ko taya juriya. Nauyin duk da aka ɗora yana nan, kuma mafi yawansa a kan tayoyin baya yake sauka.

Ana jajibirin wata babbar Sallah wani abokin cinikina ya kira ni unguwar Asata in duba masa iskar taya kafin su ɗauki hanyar Kano. Na tarar an gama lodi: jarkokin manja jere a but, buhunan garin rogo, doya, ayaba, akwatunan iyali a kan rufi. Ya tayar da mota, kwamfiresa ya yi gurnani, bayanta ya miƙe a hankali har ya daidaita. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malam, ka ga ikon Allah? Ko gezau ba ta yi ba."

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, zo ka ga tayar baya."

Muka tsuguna tare. Gefen tayar ya baje ya yi tumbi, har rubutun jikinta ya kusa taɓa ƙasa, ga ƙananan tsage-tsage sun buɗe baki kusa da rim. Muka buɗe ƙofar direba, na nuna masa takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofa, inda kamfani ya rubuta iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. A irin waɗannan jif galibi tsakanin kilo 500 ne zuwa 700. Muka yi lissafi a tsaye. Jarkar manja mai lita 25 ta kai kilo 23, guda goma sun ba da 230. Manya shida, a ce kowa kilo 70, sun ba da 420. Buhu biyu masu kilo 50, ga 100. An kai 750 ke nan, ba a taɓa doya da akwatuna da yara ba. Kuma da wannan nauyi za a bi ta Nayin Mayil, a wuce Makurɗi da Lafiya da Akwanga, cikin rana, da gudu, a hau tudu a gangara. Daga Fatakwal ma tafiyar ta haura kilomita 1,000. Taya mai lamba 109 an yi ta ne ta ɗauki kilo 1,030, amma wannan sai tana da lafiya kuma iskarta ta cika. Tsohuwar taya 'yar gwanjo da ta ɗauki zafi ba ta san wannan lamba ba. Alhamdu lillahi, Alhaji mutum ne mai jin magana, a ranar an sauke manjan.

Matsala ta biyu ita ce tsufa. Yawancin motocin nan sai sun haura shekara goma a Turai ko Amurka kafin su iso mana, roba kuwa tana bushewa ta tsage, musamman a wurin da take naɗewa. Alamar farko ƙarama ce: ka ajiye mota da dare a tsaye, da safe ka tarar gefe ɗaya ya sauka. Ka tayar da ita, ta miƙe, sai ka ce ai lafiya lau. A nan ake yin asara. An yi kwamfiresan ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. Idan jaka na yoyo ba zai huta ba, zai yi ta bugawa har ya ƙone, wani lokacin ya shanye batir. Gyaran jaka ɗaya ya zama gyaran jaka da kwamfiresa da bawul. Gwajin kuma ba ya cin kuɗi. A auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi da yamma, a sake aunawa da safe. A kaɗa omo a ruwa a fesa wa jakar da mahaɗin tiyo, inda kumfa ya taso nan ne ɓular.

Mu mazauna kudu muna da ƙarin abin lura. Ruwan saman Fatakwal ya ninka na Kano fiye da sau biyu, iskar a jiƙe take kusan duk shekara. Ƙwayoyin da ke tsotse danshi suna ƙoshi da wuri, daga nan ruwa ya wuce cikin bawul ya yi tsatsa. Ga baƙar tokar da mutanen Fatakwal suka fara fama da ita a 2016, ga ambaliyar da muke kutsawa da mota, kwamfiresan kuwa a wasu motocin a ƙasa yake, ba nisa da taya. Ban cika ganin wanda ke tunawa da matatar iskarsa ba a ranar juyen mai.

Idan abin ya lalace, shawarar da za ka fara ji a kasuwannin kayan mota na Ikoku ko Coal Camp ko Mgbuka ita ce a cire a sa sifirin. Ba na ƙin wannan. Wanda aljihunsa ba zai iya riƙe motar iska ba, gara ya koma ƙarfe da ya riƙa yawo da mota a karkace. Sharaɗina shi ne a sa sifirin da aka yi domin wannan motar, a canza hagu da dama tare, kada a tsinto na wata mota a yanke a cusa. A kuma gyara saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, domin na sha ganin an cire ƙwan fitilar gargaɗi ne kawai don kada mai saye ya gani. Wannan ha'inci ne. Duk wanda zai sayar wa ɗan uwansa mota, ya gaya masa abin da aka cire.

Game da tsarabar Sallah kuwa, Allah ya hore mana hanya. Tireloli da ke kawo shanu Lokpanta da Ugwuoba, da masu kawo albasa da wake Anaca, duk arewa suke komawa, kuma direbobinsu da 'yan kamashon mutanenmu ne, mun san su sun san mu. A ba su manjan da garin kwana biyu kafin tafiya, a rubuta suna a jikin jarka, a karɓa a Zariya ko Kano. A lissafina kuɗin dakon jarka goma bai kai kuɗin sabuwar tayar jif ɗaya ba.