Ƙanƙara Ta Raba Mu Da Ɗanɗano

Tambayar farko da mai saye yake yi wa mai shago a yau, tun kafin ya ji kuɗin kaya, ita ce: "Akwai mai sanyi?" In aka ce masa ba a kawo wuta ba, sai ya juya ya nufi shagon gaba, ko da a can zai biya ƙari. A gidan biki, masu hidima sun fi damuwa da yawan ƙanƙarar da ke cikin kula fiye da yadda aka haɗa zoɓon. Matar gida kuwa in ta miƙa wa baƙo ruwan randa, sai ta haɗa da ban haƙuri: "Ka yi haƙuri Alhaji, firjin ne bai ɗauka ba." Mun wayi gari da wata aƙida wadda ba mai yi mata gardama, cewa abin sha ba ya cika sai ya yi sanyi ƙarara, kuma iyakar sanyinsa iyakar daɗinsa. Ni ina ganin wannan aƙida kuskure ce, kuma tana ci mana ɗanɗano, tana ci mana lafiya, tana ci mana aljihu.

Mu fara da harshe, tunda shi ne alƙali a wannan shari'a. A shekarar 2005 wasu masu bincike a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam suka wallafa sakamakon aikinsu a mujallar kimiyya ta Nature. Sun nuna cewa a cikin ƙwayoyin ɗanɗano na harshe akwai wata 'yar kafa da saƙon zaƙi da ɗaci yake bi kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma aikin wannan kafa yana ƙaruwa sosai yayin da ɗumin abin da ke baki ya tashi daga digiri 15 zuwa 35. In abu ya yi sanyi ƙwarai, saƙon sai ya raunana. Duk wanda ya taɓa lasar askirim bayan ya narke ya san haka ko bai karanta mujalla ba: zaƙin da bai ji ba lokacin da yake daskare, yanzu har gundurarsa yake yi.

Bayan harshe akwai hanci. Mafi yawan abin da muke kira daɗin abinci ƙamshi ne da ke tashi daga baki ya bi ta maƙogwaro ya isa hanci, shi ya sa mai mura yake cewa komai ya zame masa lami. Sanyi yana danne tashin wannan ƙamshi. To yanzu dubi wahalar da mai haɗa zoɓo take sha. Ta wanke shi, ta dafa, ta daka citta da kanumfari da masoro, ta sa ɓawon abarba, ta tace. Sai a kawo dutsen ƙanƙara a jefa ciki. Ƙamshin citta ya kwanta, kanumfari ya ɓace, ƙanƙarar ta narke ta tsinka shi. Abin da ya rage a kofi jan ruwa ne mai sanyi da sukari. Haka kunun aya, haka lamurje, haka ruwan tsamiya. Fura kuwa ta fi kowa shan wannan zalunci, domin daɗinta yana cikin ƙamshin gero da yaji da tsamin kindirmo, kuma duka ukun ƙanƙara tana kashe su.

Mai haɗawa in ta ɗanɗana ta ji salam, me za ta yi? Sai ta ƙara sukari. Nan ne maganar ta tashi daga ta daɗi ta koma ta lafiya. Lemon kwalba irin na kola yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan robar nan ta rabin lita da yaro yake shanyewa a tsaye tana da fiye da giram 50, wato sama da ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2015 ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu a rana, wanda ga babban mutum ya kama kimanin giram 50, ta kuma ce rabin haka ya fi alheri. Roba ɗaya ta cinye rabon yini guda. Ka ajiye wannan lemo har ya huce, gas ɗinsa ya fita, sannan ka kurɓa. Da wuya ka iya shanye rabi. Sanyi ne yake rufe wa harshe ido har wannan tarin sukari ya wuce ba tare da jiki ya ce ya isa ba. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba za ta yi komai ba matuƙar muna koya wa 'ya'yanmu cewa ƙishirwa ba ta da magani sai abin da ya fito daga firji yana raɓa.

Wani zai ce son sanyi halitta ce. Son ruwa mai sanyi-sanyi a lokacin zafi halitta ce, babu musu. Son ƙanƙara kuwa koyar da shi aka yi, kuma an san waɗanda suka koyar. A 1806 wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Frederic Tudor ya sari ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare a kusa da Boston, ya loda a jirgin ruwa ya kai tsibirin Matinik. Ya tafka asara, domin mutanen wurin ba su san abin da za su yi da ita ba. Sai ya koma yana ba masu sayar da abin sha ƙanƙara kyauta don su saba wa mutane da ita. Da suka saba, ya fara karɓar kuɗi. Zuwa 1833 ƙanƙararsa ta isa Kalkata a Indiya, kuma ya mutu yana attajiri.

Tarihin firji shi kansa yana da alaƙa da masana'antar giya. Giya haramun ce a gare mu Musulmi, kuma ba tallarta na zo yi ba, amma akwai darasi a gardamar da masu shanta suke yi a ƙasashensu. A shekarun 1870 injiniyan Jamus Carl von Linde ya ƙera injin sanyaya wuri ga kamfanin giya na Spaten a birnin Munik. Daga nan manyan kamfanoni suka cika duniya da giya marar nauyin ɗanɗano wadda ake talla da sanyinta. Har akwai kamfanin Coors na Amurka da ya yi wa kwalbarsa hoton duwatsu masu rikiɗa su koma shuɗi in ta yi sanyi. A Ingila kuwa giyarsu ta gargajiya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake ajiye ta, a sha ta tana tsakanin digiri 11 zuwa 13. Baƙi suna yi musu dariya wai suna shan giya mai ɗumi, su kuma suna amsawa cewa abin da aka yi shi da kyau ba ya bukatar a daskarar da harshe kafin a sha shi. A 1971 har ƙungiya suka kafa mai suna CAMRA don kare ta daga ta manyan kamfanoni. In mutane za su tashi tsaye haka don kare abin da yake cutar da hanta da hankali, me ya hana mu kare furarmu da kununmu, waɗanda halal ne kuma abinci ne?

Sai maganar tsabta, wadda ta fi tayar mini da hankali. Ka tsaya bakin titi da la'asar a watan azumi ka kalli yadda ƙanƙara take tafiya. An ɗura ruwa a farar leda, an daskarar a firiza, an loda a baro ko a bayan Keke, an rufe da buhu. Mai sayarwa yana karɓar kuɗi da hannu, da wannan hannun yake ɗaga ta, ya ɗora a kan benci ya fasa da guduma. Yaro ya rungumo ta a ƙirji ya kawo gida, a yage ledar a jefa cikin bokitin kunu, wani lokaci ma da ledar ake jefawa. Wa ya san rijiyar da aka ɗebo ruwan? Da yawa cikinmu sun ɗauka sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta. Tafasawa ce take kashe su. Daskarewa ajiye da yawa daga cikinsu take yi har ƙanƙarar ta narke, shi ya sa hukumomin lafiya suke gargaɗin matafiya su guji ƙanƙarar da ba su san ruwanta ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya bisa ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, ta kashe fiye da 3,500, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar wannan cuta. Uwar da ta tafasa zoɓonta ta kashe duk abin da ke ciki, sannan ta jefa masa ƙanƙarar titi, ta rushe aikinta da hannunta.

Ga kuma aljihu. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, ga cire tallafin mai da aka yi a 2023, sanyi ya zama kayan tsada. Mai shago yana da farashi biyu, na mai sanyi da na marar sanyi, kuma ba laifinsa ba ne, janareta ba ruwa yake sha ba. Duk azumin da ya faɗo a bazara, kuɗin ƙanƙara sai ya yi tashin gwauron zabo. Magidancin da yake lissafin kuɗin gero da ƙosai sai ya ware wani kaso kullum don sayen ruwan da zai narke kafin a idar da tarawihi.

Na san abin da za a ce mini: "Malam, kai ba ka san zafin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram ba ne? Rana tana haura digiri 40, ka ce mu sha ruwan ɗumi?" Ban ce a sha ruwan ɗumi ba. Tsakanin ruwan da ya kwana a baƙar jarka cikin rana da ruwan da yake sa haƙori tsami akwai fili mai faɗi, kuma a wannan fili kakanninmu suka zauna. Ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka a matsayarta ta 1996 ta ba da shawarar 'yan wasa su sha abin da ke tsakanin digiri 15 zuwa 22, domin a nan ne mutum yake iya shan isasshe. Ruwan ƙanƙara yana yanke jin ƙishirwa a baki da wuri, kai ya sara, mutum ya ajiye kofi alhali jikinsa bai ƙoshi ba. Mai azumin da ya yini yana zufa ruwa mai yawa yake bukata, kuma mai sanyi-sanyi ne yake shiga da yawa.

Ba kuma ina cikin masu yaɗa cewa ruwan sanyi yana daskarar da kitse a ciki ko yana tsayar da zuciya ba. Wannan zance ba shi da tushe. Firji ma ni'ima ce: yana hana nono da kunun aya lalacewa, yana adana magani da allurar rigakafi. Ajiya daban, sha daban. A ajiye a firji, amma a fito da shi ya ɗan saki kafin a kai baki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da fasahar da ta dace da ƙasarmu, muka raina ta. Randa tana tsatsar da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, wannan bushewar ta janye zafin da ke ciki. Iyakar bushewar iska iyakar aikinta, wato ta fi ƙarfi daidai lokacin da muka fi bukatarta, a bazara. Ba ta neman wuta, ba ta neman mai. Iyayenmu mata suna girke ta a inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi, su wanke ta, su turara ta, ruwan ya fito da ƙamshin ƙasa wanda ba firjin da zai iya ba shi. A kan wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ya gina tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har yalo da yake lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Duniya ta yaba, mu kuma muka tura randa bayan ɗaki, maginan tukwane suna rasa kasuwa.

Randa tana da nata aibin, kuma a faɗe shi: moɗa ɗaya da kowa yake tsomawa da hannunsa hanya ce ta cuta. Maganin wannan murfi ne, da moɗa mai dogon hannu, ko randa mai famfo a gindi, da zuba mata ruwa mai tsabta tun farko. Gyara ne da bai kai kuɗin ƙanƙarar mako guda ba.

Don haka ina kira ga iyaye mata da su dawo da randa tsakar gida, su daina ba baƙo haƙuri a kanta. Masu sana'ar zoɓo da kunu da fura su rage sukari, su sanyaya robar daga waje maimakon jefa ƙanƙara ciki, su bar citta da kanumfari su yi magana. Hukumomin lafiya na jihohi su riƙa duba ruwan da masu ƙanƙara suke amfani da shi, musamman gab da azumi. Kai kuma mai karatu, ka gwada da kanka: ka zuba fura a kofi biyu, ɗaya da ƙanƙara, ɗaya da ruwan randa, ka sha a natse. Duk hukuncin da harshenka ya yanke, ka bi shi.