Motar Lantarki: A Fara Da Wuta Tukuna

Tun ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 cikin 'yan kwanaki. Daga nan ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu, aka kuma shiga tambaya ko motar lantarki ce mafita. A ganina mafita ce, amma da sharaɗi, watau a fara gyara wuta.

Babu shakka motar tana da amfani. Ba ta shan fetur, ba ta hayaƙi, ba a yi mata juyen baƙin mai, ba ta da fulogi balle salansa. Batirin matsakaiciyar mota yakan ɗauki kilowat-awa 60, ya kai ta kimanin kilomita 350. A farashin wutar rukunin A na watan Afrilu, 2024, watau naira 225 kowane kilowat-awa, cika shi bai wuce naira 13,500 ba, alhali kuwa fetur na wannan tafiya a lokacin ya zarce naira 20,000.

To, amma mutum nawa ne ke rukunin A, masu samun wuta awa 20 a rana? Ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne kawai, sa'an nan babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024. Wanda ya ce zai cika batirin da ƙaramin janareta mai kilowat ɗaya, sai ya kwana biyu da rabi yana ƙona fetur ɗin da ya gudu daga gare shi. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Masu kafa hujja da ƙasashen waje su dubi tushen abin. A Norway, inda kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, galibin wutar ƙasar daga madatsun ruwa take fitowa. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024 ne tana dogara da babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu, mai ƙarfin megawat fiye da 5,000, wadda aka buɗe a 2025. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Har ila yau akwai darasi a gida. Marsandi ta fi Fijo 504 tsada da ado, amma Fijo ce ta cika hanyoyinmu bayan buɗe masana'antarta a Kaduna a 1975, domin kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Haka wayar hannu, wadda ta shigo a 2001: ta kai ƙauyuka ne saboda wutar da take ci kaɗan ce, rumfunan caji suka tsiro, samari suka koyi gyaranta a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano. Na'ura ba ta zama a ƙasa sai ta sami masu ciyar da ita da masu jinyarta. Motar lantarki kuwa batirinta shi ne mafi tsada a jikinta, zafi mai tsanani yana rage masa kwana, kuma ƙarfin wutar da ke cikinsa yana iya hallaka bakaniken da bai sami horo ba.

Saboda haka ya kamata a fara daga ƙasa. Babur da Keke Napep da motocin safa na cikin gari su ne suka fi dacewa, gama tafiyarsu gajera ce, kullum suna komawa tasha ɗaya, kuma ana iya musanya ƙaramin batiri cikin 'yan mintoci. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Tashar caji mai aiki da hasken rana da aka kafa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021 ta nuna abin mai yiwuwa ne.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Lalle ne gwamnatocinmu su yi amfani da wannan dama su kafa tashoshin caji a tashoshin mota da sakatariyoyi da makarantu, su kuma sa gyaran batiri cikin manhajar kwalejojin fasaha. Kada a soma da sayo wa manyan jami'ai motocin alfarma da za su ƙare a bayan ofis ƙura ta rufe su. Ɗalibanmu kuma su lura, aikin gobe yana nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.