Baƙo Ko da Ido Makaho Ne

A shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Nijeriya ta kafa shirin tura ƙwararrun ma'aikata zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran tekun Fasifik. Likitoci da malaman makaranta da injiniyoyi sukan tafi su yi shekara 2 a ƙasashe irin su Gambiya da Yuganda da Fiji. Nijeriya ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓe su kuma ta ba da masauki. Manufa ce kyakkyawa, amma abin tambaya shi ne, wane guzuri ya kamata a haɗa wa ma'aikacin kafin ya tashi?

Guzuri na farko shi ne harshe. Alal misali, Ingilishi ne harshen hukuma a Gambiya, amma majinyacin da ya zo daga ƙauye da Mandinka ko Wolof ko Fulatanci zai faɗi ciwonsa. Likitan da ba ya jin ko gaisuwa sai ya dogara ga tafinta, kuma abin da mara lafiya ke jin kunyar faɗa a gaban mutum na uku, shi ke nan ya ɓuya.

Wannan ba sabon darasi ba ne. Turawan mulkin mallaka sun wajabta wa jami'ansu na Arewa cin jarrabawar Hausa, domin sun san ba a mulkin mutane da kurman kunne. Haka nan 'yan sa-kan Amurka da suka yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011, sai da aka koya musu Hausa ko Zabarmanci kafin a kai su ƙauyuka. In wanda ya zo mulki ya ɗauki wannan wahala, wanda ya je taimako ya fi cancanta da ita.

Bugu da ƙari, akwai iyalin da aka bari a gida. Wanda alawus ɗinsa ya makara, ko yake fargabar ya dawo ya tarar an tsallake shi wajen ƙarin girma, jikinsa ne kaɗai ke bakin aiki.

Saboda haka taron 'yan kwanaki na ban kwana ba zai wadatar ba. Ya kyautu a keɓe watanni na koyon harshe da al'adu, a ɗora nauyin a kan sassan harsuna na jami'o'i, a kuma tsare wa matafiyi muƙaminsa har ya dawo. Tun ran gini, tun ran zane.